Kazar da Marka Ta Hana Yankawa

Zinnira 'yar Lakwaya ce, tana ajin ƙarshe a wata jami'a a Kano. Bincikenta kan bairus ɗin farin kashi ne, cutar nan da ke share kajin ƙauye duk shekara. Burinta ta zarce digiri na biyu, ta yi aiki kan rigakafin da zai iso ƙauye bai lalace ba. Amma kafin nan sai ta goga tsinken auduga a maƙogwaron kaji masu ciwo, suna da rai, ta kai ɗakin gwaji cikin kular ƙanƙara. Mako biyu malaminta ya ba ta, in ta rasa sai baɗi.

Ta bi gida-gida har Kabo tana roƙon mata su ajiye mata duk kazar da ta kamu. Boko ya mantar da ita halin mutanenta: kaza na langaɓe wuya ake neman wuƙa, kada ta zama mushe. Kwana uku a jere ana aiko mata da kwanoni rufe da faifai. Matan sun cika alkawari, sun ajiye mata kajin, a soye, har da yaji. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga baya tsoro ya kama ta.

Kakarta Marka ta dube ta. "Ke 'yar nan, wai da ranta kike so?"

"Da ranta, Inna. Wuta na kashe abin da nake nema."

Washegari Zinnira na Gwarzo sayen ƙanƙara, kazar Marka mai yawan ƙwai ta kwanta. Kawu Musbahu ya ɗauko wuƙa. Tsohuwar da ko ƙanzo ba ta zubarwa ta kife kazar da kwando, ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta ce babu mai taɓawa. Maƙwabta suka shigo kallo, a nan suka fahimci zancen. Kafin mako ya ƙare kular ta cika, gwaji kuma ya nuna bairus ɗin.

A ranar da aka kife kazar kuwa, Zinnira ta iso kazar na da sauran numfashi, ta goga tsinkenta. Kafin Musbahu ya matso da wuƙa rai ya fita.

Zinnira ta fara ba da haƙuri, Marka ta tare ta. "Rufe kwalbarki da kyau. Tunda nake ban taɓa yar da nama ina murna ba sai yau."