Igiyar Ƙofar Lambu

Shekarar da Bature ya fara zuwa rangadi Jiga Birni, ni ne mai tsaron lambun babana. Kwami shida na shuka babana ya ware, inda ya bar albasa ta yi fure don iri. Duk manomin albasa ya san wannan ba ta ci ba ce, ita ce noman baɗi. Har yau idan na shaƙi warin furenta sai raina ya ɓaci.

Da hantsi masinjan Bature ya zo da dawaki. Ciyawa tana nan cike da fadama, amma lambun ya fi kusa da masauki. Ina kallo ya kwance igiyar ƙofa, ya naɗe ta tsaf, ya rataye a kan shinge, ya kora dawakin ciki. Na yi ihu, ya nuna mini bulala. Dawakin suka tattake albasar iri kaf.

A wurinmu, idan shanu suka shiga gona, abu ɗaya dattawa ke tambaya: kuɓucewa suka yi, ko da gangan aka sa su? Na farko a yafe, na biyu a biya. Da wannan babana da kakana suka dogara, suka ɗauke ni muka taka har Jega, inda Bature ya koma, don kai ƙara.

Bature ya yi tambaya, tafinta ya ce, "Yana son ya ji ko da gangan ne."

Masinja ya ce kuɓucewa suka yi.

Kakana ya ce, "Ranka ya daɗe, dokin ƙasarku shina naɗe igiya? Namu dai ba su iya ba. Ga yaro, a tambaye shi."

Ba a tambaye ni ba. Aka ce tsautsayi ne, mu tafi.

Yanzu da furfura nake zuwa ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu ya ce Turawa ma suna da kalmar da gangan, wai asalinta daga awo ne, mutum ya ɗora abu a ma'auni kafin ya aikata. Na ajiye fensir. Ashe sun san ta. Shekara da shekaru ina yi musu uzuri, ina cewa harshensu ne bai da ita, tafinta ne ya sa wa Bature ita a baki.

Ga abin da muka rasa: kwami shida na iri, noman albasar rani biyu, jakin da aka sayar don hatsi, da yayana, wanda ya tafi cin rani kudu bai dawo ba.