Gaisuwar da ta tsayar da tseren motoci

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar da na durƙusa gaban surukina a tsakiyar filin tsere, Arlit kaf tana kallo, na ƙi tashi. Ku samarin da kuka zo daga baya kuna jin ana ce muku "a duba daga ƙasa", kuna zaton wani injiniya ne ya kawo dabarar daga Turai. To ni ne injiniyan, gwiwoyina kuma su ne shaida.

Lokacin ina ma'aikacin sikirite a garejin wani kamfanin haƙar uranium, wato mai lura kada kowa ya ji ciwo a bakin aiki. Zamani ne mai wuya. Kasuwar uranium ta faɗi, fari ya share dabbobin makiyaya, tawaye kuma ya sa mota ba ta hawa hanyar Agadas sai cikin ayari da rakiyar soja. Direbobinmu sai su yi kwana goma suna wanke motar da ba ta je ko'ina ba. Bayan 'yan watanni a liƙa takardar rage ma'aikata a ƙofar ofis, mu je mu karanta da ido ɗaya a rufe.

Zaman banza ya ishi direbobi, suka fara satar jiki bayan gari suna tsere da katkat ɗin kamfani, motocin nan masu ratsa yashi. Labari ya kai kunnen shugaban garejinmu, Shef Sumana, mutum ne da murmushinsa ya fi ruwan sama wuyar gani a Arlit. Muka zata kora za a yi. Sai ya ce tunda ba za su daina ba, gara a yi a gaban idonsa, sau ɗaya, ranar hutun ma'aikata da safe. Ya kira ni ofis.

"Hamidu, kai ne mai tuta. Motar da ba ka duba ba, ba ta tashi. In wani ya ji ciwo babu santir a jikinsa, sunanka ne na farko a takardar nan. Wanda kuma ya yanke santir ɗin kamfani, nasa ne na biyu."

Ga tsarin. Mota biyu ne kafaɗa da kafaɗa, a tsaye cak. In na sauke tuta su fizga a miƙe, mita ɗari huɗu, babu kwana, har su wuce tsakanin ganguna biyu. Mutum ɗaya a mota, hular kwano a kai, 'yan kallo bayan igiya. Kafin nan sai na zo taga na kama santir, wato bel ɗin da ke ɗaure direba da kujera, na fizge shi sau uku da hannuna. Kyautar wanda ya ci tseren kuwa, rago ne. Ragon fari kuwa: sai da muka jingina shi da taya kada iska ta kayar da shi.

Matsalar ita ce a Arlit ta wancan lokaci santir ya fi kowace igiya daraja. Ba ya tsinkewa, rana ba ta cinsa. Da shi ake rataye salkar ruwa a gefen mota, da shi ake ɗaure akuya. Direbobi kuma suna da hujjarsu: in an tare ka a daji aka ce sauka, ba ka son abin da zai riƙe ka. Saboda haka na sha dabara a safiyar nan. Wani ya zauna a kan bakin santir ɗin yana min murmushi. Wani ya riƙe nasa da hammata. Duk na gyara musu zama, aka yi ta tsere lafiya, har wani matashin Ba'abzine mai suna Rissa ya kayar da kowa.

Saura karon ƙarshe, Rissa da gwanin gwanaye, wanda direbobi suka ce ba sai ya shiga zagayen farko ba: Baba Ilu, mutumin Tawa, tsohon direban da ya san hanyar Agadas tun ba ta da kwalta. Shi ne kuma mahaifin matata, Hadiza.

Kun san yadda abin yake. Shekara shida da aure ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In na hango shi a layin kantin ma'aikata, sai na tuna ba na bukatar sukari. Yau an ce na cusa hannu a ƙirjinsa na fizga sau uku. Na gama da Rissa, na nufi motar Baba. Daga nesa komai daidai: hula a kai, santir ya ratsa ƙirji, an maƙale shi. A raina na ce in gaishe shi kawai in wuce, wa zai sani? Na buɗe ƙofa, na cire takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai.

Sunkuyawar nan ce ta jawo min. Idona ya sauka daidai inda ƙarshen santir ya kamata ya kama noti a ƙasan mota. Babu komai a notin sai ɗan guntu. An yanke shi da wuƙa, an ɗinke bakin sauran a jikin rigar kujera da zare baƙi, ɗinki mai kyau. Da a tsaye na fizga daga taga, da ya riƙe. Birki mai ƙarfi kuwa, jaririya ma ta fi zaren nan riƙo.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau. Tashi."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Tashi ka ba mu tuta."

"Ya zafi? Ya mutanen gida? Ya ƙafar Inna?"

Na gaishe shi da iyali, na gaishe shi da maƙwabta, na tambayi lafiyar awaki ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa kuwa ta yi zafin da za a toya ƙwai, gwiwoyina suna nuna. Rissa ya leƙo daga tagarsa ya ɗaga murya: "Hamidu, wata ɗiyar kake nema ne? Bari a gama tsere!" Fili ya ɗauki dariya.

Baba ya rage murya. "Kai, mi ya hwaru?"

Na ce wa takalmina, "Baba, santir ɗin nan bai kai ƙasa ba."

Ya ce, "Sauran yana gidanka. Da mi kake tsammani ɗiyata ke ɗaure gangar ruwanku a amalanke?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige har ramin uranium. Kullum ina wuce gangar nan ina yaba ƙarfin igiyar.

Sai ga inuwar Shef Sumana a kaina. "Hamidu, me ya tsayar da mu?"

Nan fa. In na ce an yanke, Baba ya bar aiki a shekarar da babu wani aikin. In na ce lafiya, na sa tsoho a motar da za ta tofar da shi ta gilashi, ni ma in bi takarda. Ban san inda maganar ta fito ba, na ji bakina yana cewa, "Shef, sabon tsari ne, dubawa daga ƙasa. Wannan santir ɗin ba zai yi ba, zan sauya shi. Minti goma."

Na ruga motar sikirite, na kwance nata da sifana, na dawo na ɗaura a ta Baba, duk a durƙushe. Tsohon santir ɗin kuwa na cusa shi ƙarƙashin kujera. Shef yana tsaye yana kallo, kuma ba makaho ba ne. Da na gama ya ce, "Fizga." Na runtse ido, na ce, "Baba, a gafarce ni," na fizga sau uku. Baba ya ce, "Na ukun nan da gayya ka yi."

Na sauke tuta. Motocin suka yi kururuwar da na tabbata an ji har Assamakka, can bakin iyakar ƙasa. Baba ya riga Rissa wuce ganguna da tsawon tabarma, amma daɗi ya hana shi taka birki da wuri, ya zarce ya soka hancin mota cikin tudun yashi. Ta tsaya tik, bayanta ya ɗaga ya dawo. Muka ruga. Muka tarar da shi zaune daram a kujera, hula ta rufe masa ido, yana salati. Goron da ke bakinsa ne kaɗai bai ɗaura santir ba, ga shi can manne a gilashi.

Washegari Shef ya sa na bi motocin gareji duka a durƙushe. Abin da na gano, kusan babu santir ɗin da ba a yanka ba; in za a yi kora, sai dai shi ya riƙa tuƙa su da kansa. Ya dubi jerin ya ninke, ya sa aka kawo sababbin santir, ya kuma raba wa direbobi igiya ta gaske don salka. Sannan ya ce in rubuta dubawa daga ƙasa cikin dokokin gareji. Takardar ƙofar ofis ta fito, babu ni, babu Baba.

Baba bai taɓa ce min na gode ba. Wata guda yana nuna wa mutane shatin santir a ƙirjinsa, yana cewa mijin ɗiyarsa ya ɗaure shi kamar kayan Kano. Amma ran Juma'a na dawo daga masallaci na iske ragon nan a tsakar gidana, an ɗaure shi a turke da sauran tsohon santir ɗin, har da baƙin zaren nan a bakinsa.

Abin da na koya ke nan. Direba ba maƙiyin doka ba ne, yana dai da abin da ya fi ta matsa masa, kuma ya fi ka wayo in kana tsaye. Wanda kake jin nauyinsa shi ya fi bukatar ka duba shi, don shi ne kowa ke bari ya wuce. Ku durƙusa, ku gaishe shi da ladabi, ku dubi noti. In bai kama ba, ku ci gaba da gaisuwa.