Telan da ba ya kifta ido

Shekara talatin da bakwai Kawu Tela ya yi a kan keken ɗinki ɗaya, ƙarƙashin wata tsohuwar fanka mai hura masa iska daidai fuska. Mutum ne mai fara'a da son hira, amma da zarar allura ta fara tafiya, ko sunansa ka kira ba zai ɗago ba. Babbar taƙamarsa a duniya ita ce ba ya kifta ido sai layin ɗinki ya kai ƙarshe.

To, bara idon ya yi masa tawaye. Da hantsi sai ya ji kamar an zuba masa yashi, kafin la'asar hawaye na bin kumatu, zare ya koma biyu. Ya gwada maganin ɗigawa kala uku, duk a banza. Ranar da ya ɗinka aljihu a karkace, ya dawo gida jiki a sanyaye, ya ce wa matarsa shi kam ya gama. Har ya yi wa wani tela alkawarin sayar masa da keken a ƙarshen wata.

"Ka gama me?" in ji ta. "Sa hularka, malam, asibitin ido za mu."

Likitar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta ɗora haɓarsa a kan na'ura, ta ɗiga masa wani ruwa rawaya, ta kunna shuɗin haske. Ta ce ya kifta sau ɗaya ya tsaya, ta shiga ƙirga. Ko huɗu ba ta kai ba, ta ga danshin idon ya ƙafe.

"Baba, idonka a bushe yake."

"A bushe? 'Yata, hankici biyu nake jiƙawa kullum!"

Ta yi masa bayani: a gefen fatar ido, gindin gashi, akwai ƙananan ƙofofi masu fitar da mai. Man ne ke rufe hawaye kada su ƙafe, kiftawa kuma ita ke matso shi. In ya toshe, ido ya bushe ya yi zafi, sai ya riƙa zubo ruwa barkatai. Ta ɗan matsa fatar, wani abu mai kauri ya leƙo kamar man goge baki.

"Wato keke ba mai," in ji Kawu.

"Yawwa. In kana ɗinki, sau nawa kake kiftawa?"

Ya gyara zama, ya ɗaga kai. "Ni? Ai ba na kiftawa."

Matarsa ta toshe baki da mayafi, tana ɓoye dariya.

Aka ba shi aiki: tsumma mai ɗumi a kan ido minti goma safe da yamma, ya murza fatar a hankali, ya goge gindin gashin, ga maganin ɗigawa mai maiƙo, fanka kuma a kauda ta daga fuska, sannan ya riƙa kiftawa in yana ɗinki. Tsumman bai dame shi ba. Shi ya ɗinka abinsa har da shafi, yana ɗumama shi da dutsen guga, ya gwada a bayan hannu. Kiftawar ce ta zame masa yaƙi. Mako guda ya yi yana mita, wai yarinya ta mai da shi ɗan koyo.

Ƙarshen wata mai sayen keke ya iso, har da motar ɗaukar kaya. Ya tarar da Kawu yana gama wata riga, ido garau, yana kiftawa abinsa. Kawu ya miƙa masa ya duba, mutumin ya juya ta ciki da waje bai ga aibi ba.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa," in ji Kawu. "Ni da keken nan ba mu gama ba. Amma tunda ka sha hanya, tsaya in auna ka, rigarka kyauta ce."

Ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa.