Shanun Mervyn da Gidan Bethan

A ƙauyenmu na bakin kogin Lugg, in ka ga wani dattijo ya jingina da ƙofar gona yana kallon ciyawa kamar za ta ba shi labari, to Mervyn Gwatkin ne. Ka gaishe shi, amma kada ka kuskura ka tambaye shi shanu.

Da can ba haka yake ba. Jajayen shanu masu farar fuska ya gada a wurin ubansa, kowace da sunanta, kuma sunayen matan ƙauye yake laƙaba musu. Akwai wadda ya sa wa sunan matar fasto, wai tafiyarsu ɗaya. Da matarsa ta rasu, sai bakin barkwancin nan nasa ya fara mutuwa. 'Yarsa ɗaya ce, Bethan, tana zaman haya a birni da mijinta da yara uku. Gidan tsohon kuwa ɗan ƙuƙut ne, in mutum biyu suka haɗu a kicin sai ɗaya ya ja da baya. Shi ya sa ya ƙudurta zai gina mata gida a cikin lambun tuffa, ta dawo kusa, ya riƙa jin hayaniyar jikoki.

Bethan ta yarda. Mijinta ma ya yarda, ko da yake ba a tambaye shi sosai ba.

Sai aka je neman izinin gini, aka tarar ƙofa a rufe. Kogin namu na cikin waɗanda doka ta kare, kuma ya riga ya ƙoshi da fosfet, sinadarin nan da ke cikin taki da kashin dabbobi da ruwan masai, wanda ke sa ruwa ya yi kore da gansakuka har kifi ya rasa numfashi. Dokar ta ce duk sabon gida sai ya nuna ba zai ƙara wa kogin komai ba. In za ka ƙara ta nan, sai ka rage ta can.

Wata jami'a ta zo duba filin, mai kirki, har ta sha shayinsa. Cikin hira ta ce, "Baba, da za a cire shanun nan daga bakin kogi a shuka itatuwa, mai yiwuwa lissafin ya daidaita."

A mashayar ƙauye da yamma, abokinsa Clive Probert ya yi dariya har giyar tuffa ta sarƙe shi. "Wato jikokinka ba za su yi kashi ba sai shanunka sun daina?"

"Rufe mana baki, tsohon banza," in ji Mervyn. "Da za a rufe naka masan, da kogin ya warke tun bara."

To, Mervyn mutumin kasuwar shanu ne. A wurinsa in an faɗi magana aka tafa hannu, ciniki ya faɗa, takarda sai ta biyo baya in ta ga dama. Ga kuma kaka ta yi, kuma duk makiyayin da ya san kansa ba ya shiga sanyi da dabbar da zai sayar, ta cinye masa harawa a banza. Bai tambayi kowa ba. Ya loda garken kakaf ya kai kasuwa. Waɗanda suka je sun ce ya tsaya har mai gwanjo ya buga guduma a kan saniya ta ƙarshe, sannan ya shiga bayan rumfa ya daɗe yana fyace hanci.

Da jami'ar ta dawo ta ga fili fayau, sai ta dafe kai.

"Baba, ina shanun?"

"Na sayar, 'yata. Ba ke kika ce ba?"

"Cewa na yi mai yiwuwa! Sai an zo an ƙirga su, an auna gonar, an sa hannu a yarjejeniya, sannan a cire su. Yanzu me zan ce an rage? Ciyawa na tarar."

"To in sayo wasu ki ƙirga."

Ta girgiza kai. Ta ce za a ɗauka dabara ce, kuma ba ta da ikon rufe ido. Abin da ya rage shi ne ya bi layi, ya jira rabo daga fadamar da hukuma ke haƙawa don tace ruwa, a lissafa masa shi a madadin ragin shanun. Layin kuwa ya fi na gidan burodi ranar jajibirin Kirsimeti.

Ya jira. Bethan ma ta jira, har mai gidan hayarsu ya ce zai sayar da gidansa. Ana cikin haka mijinta ya sami aiki can arewa, wuni guda a mota. Ta zo da kanta ta gaya wa uban. Ya ce, "Ku tafi mana, yara ba za su kwana a ƙarƙashin bishiyar tuffa ba." Har da dariya ya faɗa. Ranar ko Clive bai tsokane shi ba.

Shekaru suka ɗan ja kafin layi ya zo kansa. Ya buga wa Bethan waya cikin ɗoki. Sai ta ce, "Baba, yara sun saba da makaranta. Babbar ma jarrabawa za ta yi bana. Kai ka zo mana, akwai ɗaki."

"Madalla," ya ce. "Ki gaishe su."

Bai je ba, ba kuma zai je ba, mutumin da bai taɓa kwana uku a wajen ƙauyen nan ba. Da Clive ya tambaye shi yaushe za a fara haƙa harsashi, sai ya daɗe yana juya kofinsa.

"In gina wa wa?" ya ce.

Rabon nasa ya bar wa wasu sababbin ma'aurata da ke bayansa a layi. An ce matar ta kai masa kek ɗin tuffa don godiya, ya karɓa a bakin ƙofa bai ce ta shigo ba.