Shawarar Ranar Alhamis

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare wasu ma'aikatan lafiya suka zo makarantarmu gwajin ciwon hanta. Da layi ya zo kaina, wata malamar asibiti ta soke ni a yatsa, ta ɗiga jinin a kan wani ɗan farin abu, ta tambaye ni ko an taɓa yi mini rigakafi. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ki gaya wa mutanen gidanku su zo da ke asibiti ranar Alhamis, akwai shawarar da za mu ba su."

Ni kuwa tun ina ƙarama muryata ba ta fita. Har na shiga lungunmu a Mandawari ina maimaita saƙon a zuci. Na tarar da kakata, wadda muke kira Hajiya, tana tsince shinkafa. Na durƙusa na faɗa a cikin hijabi. Kalma biyu ce kawai ta isa kunnenta.

"Akwai shawara? A ina kika samo ta?"

"Malamar asibiti ce ta ce za ta bayar."

"Ita ce ta ba ki?"

"Sai ranar Alhamis."

"Ƙari za ta yi miki ke nan."

Ta jawo ni ta gwale mini ido. Hijabin makarantarmu ruwan ɗorawa ne, kuma rana na dukansa. Ta kira Umma ta ce ta zo ta ga ikon Allah, idon yarinya ya rine. Na san akwai kuskure a wani wuri, amma kafin in haɗa maganar a bakina har an aika wa Baba a rumfarsa ta kasuwar Kurmi.

Mu huɗu ne mata a ɗakinmu, kuma tire ɗaya muke ci tun da na yi wayo. Wurina tsakanin Yaya da autarmu. A ranar aka cire ni. Hajiya ta ware mini kwano da kofi, ta ɗaura wa kofin jan zare a mariƙi, aka shimfiɗa mini buhu a gindin randa. Aka hana ni manja da nama da gyaɗa. Baba ya dawo da saiwar rawaya da maƙwabcin rumfarsa ya ba shi, aka jiƙa, ruwan ya fi hijabin nawa launi. Sai rake, safe da yamma, har muƙamuƙina ya yi tsami. Ba ɗacin maganin ne ya dame ni ba. Daga gindin randa ina ganin yadda suka matsa suka cike gurbina, kamar da ma su uku ne.

Maƙwabta suka riƙa shigowa dubiya, kowace da tata. Wata ta ce a ƙara da ganyen gwanda, wata ta ce kada in kalli gwaiduwar ƙwai. Hajiya tana cewa, "Mun gode da shawara," su kuma suna cewa Allah ya raba mu da ita.

Ranar Laraba da la'asar Hajiya ta fito da rezarta daga gwangwanin alawa. Reza ɗaya ce, da ita take yanke wa duk gidan farce. Ta fara da nata, ta ɗan yanke kanta, ta goge a bakin zane, ta kama hannuna. Ba ta yarda in taɓa moɗar randa ba, amma ta yanke mini farce goma, ta wuce kan auta.

Alhamis muka tafi ni da Hajiya da Umma. Hajiya ta zauna ta ce, "Malama, mun zo a kan shawarar nan."

"Madalla, Hajiya. Yanzu zan ba ku, ku duka."

Hajiya ta miƙe ta laluba takalminta. "Mu duka? Ɗayar da kika ba wa ba ta ishe ki ba?"

A nan ne muryata ta fita, ban san daga ina ba. Na ce, "Hajiya, ta baki take nufi." Malamar ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa don dariya.

Da ta nutsu ta ce jinina lafiya lau, allurar rigakafi sau uku kawai nake buƙata. Ta ce rinewar ido alama ce, ba ita ce cutar ba. Akwai ƙwayoyin cutar hanta da ake sha a gurɓataccen ruwa, amma wadda suka gwada ta jini take bi: allura, askar wanzami, haihuwa, reza. Ba ta bin kwano. Mutum yana iya shekaru da ita idonsa fari tas. Umma ta kalle ni, na kalli farcena.

Aka gwada duk gidan. A jinin Hajiya kaɗai aka samu. Aka ce ta riƙa zuwa ana duba hantar, kuma ta bar jiƙe-jiƙe. Ta ce ita shawarar da ba ta rina ido ba ba ta san da ita ba. Amma da azahar na ga ta ɗauki kofin nan mai jan zare da kwanona, ta je gindin randa ta zauna a kan buhun.

Yaya ta matsa, gurbina ya buɗe, har da tsokar nama a gefena. Na zauna na yi loma biyu. Sai na tashi na je na durƙusa gaban Hajiya, na sa hannu a kwanonta.

"Ke, fitar da hannunki."

"Malama ta ce ba ta bin kwano."

"To ta me take bi?"

"Reza."

Ta juya kwanon tuwon. Sannan ta turo mini gefen da ya fi miya, ta ce wa Umma a gaya wa Baba ya taho da reza bakwai daga Kurmi, da zare kala bakwai.