Zaman Kaka a Ƙofar Mai Gari

In ruwa ya jiƙa igiyar kaba takan yi wani wari kamar na tsohuwar tabarma. Har yau ba na son warin nan. Da irin igiyar aka ɗaure ƙafar kakana, a ƙauyenmu da ke kudu da Dungas, a daminar da ta biyo bayan babban fari.

Ga yadda abin ya faru. Ƙanen babana, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya tarar da shanu cikin geronsa, geron farko da ya yi kai bayan shekarun yunwa. Mutum ne mai zafin zuciya. Ya ɗaga hauya ya sauke wa saurayin da ke kiwon a ka, yaron bai sake tashi ba. Kafin labari ya iso gari, shi ya riga ya tsallaka Najeriya, don iyakar ba ta da nisa da gonakinmu.

A wancan zamani, in mai laifi ya gudu, babban gidansu ake kamawa. A zaunar da shi a ƙofar mai gari da igiya a ƙafa, har kunya ta koro ɗan ya zo ya karɓi hukuncinsa. Muddin tsohon yana zaune, dangin mamaci ba sa taɓa kowa, don sun san magana ba ta mutu ba. Babana ya rasu tun ina goye, saboda haka Kaka aka zo wa. Bai yi gardama ba, buzunsa kawai ya ɗauka.

Ni nake kai masa fura. Abin da ya fi ci mini rai shi ne uban mamacin, wanda aminin Kaka ne tun suna samari. Duk rani a gonarmu yake sauke shanunsa su yi mana taki, matansa su ba mu nono, mu ba su gero. Yanzu ga shi kullum yana zuwa ya zauna ɗaya gefen zauren. Kaka yakan raba furar biyu ya ce in miƙa masa. Yakan karɓa, ya ajiye a gabansa, ba ya sha.

Ana cikin haka motar jandarma ta iso daga Magariya. Babbansu matashi ne, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yana da ladabi. Ya durƙusa gaban Kaka ya ce, "Baba, ku tashi ku koma gida. Dokar ƙasa ba ta kama uba da laifin ɗa."

Kaka ya ce, "Ɗana, ka bar ni a nan. In na tashi, me zai dawo da yaron? Kuma me zan ce wa wannan bawan Allah?"

Jandarman ya ce ba shi da ikon barin sa a ɗaure, haka kuma ba shi da ikon tsallaka iyaka ya kamo kowa. Ya sa wuƙa ya yanke igiyar. Matan gidanmu suka yi ta hamdala. Uban mamacin kuwa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya tafi. Kafin kaka ta yi, ya kwashe iyalinsa da shanunsa sun bar ƙasar, ba mu sake ganin su ba.

Labari ya kai wa Baba Ƙarami cewa an saki tsoho, sai ya yi zamansa. Shi kuwa Kaka bai daina zuwa ba. Kowace safiya ya ɗauki buzunsa ya je ya zauna a wurin nan, ƙafarsa a miƙe, ba mai tsaron sa. Mai gari ya roƙe shi, liman ya roƙe shi, ya ƙi. A nan ciwo ya same shi, bai ga wata daminar ba.

Ɗiyata tana karatun shari'a a Yamai. Ta ce mini jandarman ne da gaskiya, wai har ƙasashe masu nisa irin su Koriya sun taɓa hukunta dangi da laifin mutum ɗaya, daga baya suka daina. Ban musa mata ba, ni ma ba zan so a ɗaure ta saboda ni ba. Amma Baba Ƙarami ya tsufa a Kano cikin jikokinsa, ba alƙalin da ya taɓa tambayarsa komai har ya mutu. Mutum ɗaya ne ya yi zaman jinin yaron nan, kuma shi ne wanda doka ta ce ba shi da laifi.