Saƙon Muryar Da Kaltume Ba Ta Ji Ba

Wata rana, a wata jami'a da ba sai na kama suna ba, shugabar wata ƙungiyar zumunta ta ɗalibai mata ta shiga aji ranta a ɓace. Sunanta Rumasa'u.

Bari in ɗan koma baya ku ji dalili.

Ƙungiyar tasu abin alfahari ce, ba ƙarya. Akwai Bahaushiya, akwai Bayarabiya, akwai Musulma da Kirista. Har da kurma guda, Kaltume, 'yar Gashuwa, wadda sanƙarau ya tafi da jinta tun tana 'yar shekara goma sha biyu. Tana magana sarai, kuma in kana fuskantarta tana gane zancenka daga motsin baki.

Duk hoton da za a ɗauka, Kaltume ce a sahun gaba. Rumasa'u kan ce, "Mu kowa tamu ce." Kuma har zuciyarta ta yarda da hakan.

To amma kun san halinmu da waya. Rubutu wuya yake mana, sai dai a danna a yi ta zuba. Taro ne, anko ne, dubiyar asibiti ce, duk da saƙon murya ake sanarwa a guruf.

Mutum ɗaya ce ta lura akwai wadda ba ta ji. Suwaiba.

Ita ce take sauraron kowane saƙo, ta rubuta shi, ta tura wa Kaltume a gefe. Shekara biyu cur. Babu wanda ya sa ta, babu ma wanda ya sani.

Ranar wata Lahadi da hantsi, Suwaiba ta rasu a hatsarin mota.

Rumasa'u da kanta ta sanar a guruf, tana kuka. Aka haɗu, aka ɗauki mota, aka tafi gidan rasuwa. Kowa ta je, sai Kaltume da ke zaune a gidan gwaggonta a cikin gari.

Abin ya ƙona wa Rumasa'u rai. A ce aminiyarki ta rasu, ko ƙeyarki ba a gani ba?

Da ta shiga aji ranar Litinin kuwa, sai ga Kaltume a layin gaba, ta sha kwalliya, ta ɗora jakarta a kujerar kusa da ita, inda ta saba kama wa Suwaiba wuri.

Rumasa'u ta tsaya a gabanta.

"Ke wace irin mara zuciya ce? Jiya aka binne Suwaiba, ko gaisuwa ba ki je ba."

Kaltume ta ƙura wa bakinta ido.

"Don Allah sake faɗa a hankali. Kamar ban gane daidai ba."



Kaltume ta ciro waya, ta buɗe guruf. Saƙonnin murya sun fi hamsin, a tsakaninsu addu'o'i babu suna. A can tsakiya ga rubutunta guda: "Wa ya rasu?"

An ba ta amsa. Rumasa'u ce ma ta ba ta.

Da murya.

Sai Kaltume ta buɗe hirarta da Suwaiba. Sau uku ta rubuta: "Suwaiba, wa ya rasu? Me suka ce?"

"Na ɗauka ba ta da caji ne," in ji Kaltume. "Jira nake ta zo ta faɗa min."

Wallahi, jama'a, akwai kunyar da ta fi ƙarfin ban haƙuri. Rumasa'u ta durƙusa a gaban ajin nan tana kuka.

Kaltume ba ta yi mata faɗa ba. Miƙa mata wayar kawai ta yi, ta nuna saƙon muryar da Rumasa'u ta amsa mata da shi.

"Rubuta min abin da kika ce."

Rumasa'u ta zauna, ta kara wayar a kunne, tana jin muryarta tana kuka, tana rubutawa kalma bayan kalma. Kaltume na gefe tana karantawa, hawaye na zuba. Haka ta sami labarin rasuwar aminiyarta, kwana guda bayan an binne ta.

Darasi:

Sa mutum a guruf da hoto ba shi ne tafiya da shi ba. Duba ƙungiyarku, ajinku, gidanku. Wa ke zaune tare da ku amma zance ba ya isa gare shi? Kada ku bar wa mutum ɗaya nauyin da yake na kowa, domin ranar da babu shi, asirinku zai tonu.

Tura wa guruf ɗinku. In za ku yi bayani a kai, don Allah ku rubuta.